Rediyon Maƙwabci

Jiya a kasuwa na ji wai maƙwabcina ya daɗe kwance. Katanga ɗaya ta raba mu, amma a bakin mai nama na ji. Kunya ta rufe ni, sai marigayiya kakata ta faɗo mini a rai.

Zamanin mulkin soja muka ɗauko ta daga ƙauye zuwa unguwar nan ta tsofaffin ma'aikatan duwan, wato kwastan, inda ƙofofi ke wuni a kulle, ba daka, ba kukan yara. Ita da kunne take zumunci. Kullum da safe tana shan kununta mai tsami, tana sauraren badujalar soja daga rediyon dattijon da ke bayan gidanmu.

Wata safiya ta ajiye ludayi. "Rediyonai bai tashi ba yau. Tahi ka gano shi."

"Kaka, nan ba a faɗa wa mutane gida haka kawai."

Sai ta miƙe. Ta ja mayafi, ta dogara sandarta, ta tafi da kanta. A tsakar gida ta iske shi yashe, buta a gefensa, da sauran numfashi.

Allah ya jiƙanta, ya ba ni kunne irin nata kafin nawa rediyon ya yi shiru.