Fulawil ɗin Motar Yaya Sale

Funtuwa, da asuba

Muna idar da sallar asuba muka bar Funtuwa, ni da Inna, a motar yayana Alhaji Sale. Damina ce, 'yan makonni bayan soja sun miƙa mulki ga farar hula, hotunan 'yan takara na nan manne a bango ruwa yana wanke su. Ƙanwarmu Hadiza ce ta haihu a Katsina, Inna kuma ta ce ko da rarrafe sai ta je suna. Gwiwoyinta ba sa jure matsin motar haya.

Ni tela ne, kuma wanda ya daɗe yana karɓar yadin mutane ba ya saurin yarda da fara'a. Yaya Sale ko keke ba ya ba da aro. Amma da na je aron motar, ban rufe baki ba ya miƙo makulli. "Ka kula da ita," in ji shi. "Komai na cikinta na asali ne." Na yi godiya, na fito ina juya maganar a raina.

Malumfashi zuwa Kankiya

A shingen Malumfashi 'yan sanda suka leƙa, suka ga Inna da ƙullin daddawa da kuka, suka gaishe ta, suka ɗaga itace. Ina sakin kuloci motar ta kama karkarwa har haƙoran Inna suka haɗu. Ɗan sandan ya yi dariya ya ce, "Malam, motarka zazzaɓi take yi."

A Kankiya muka sha koko da ƙosai. Daga nan abin ya ƙaru: in taka mai, inji ya yi ta ihu, mota kuwa tana tafiyar jaki, ga ƙauri yana shigowa ta ƙasa. Inna ta rufe hanci da mayafi tana salati. Tafiyar da ake yi kafin hantsi ba mu gama ta ba sai da aka kira azahar. A Ƙofar Marusa, cikin Katsina, motar ta ce ta kai iyakarta. Na sa Inna a tasi zuwa gidan Hadiza a Gobarau, samarin unguwa suka taya ni turi zuwa garejin da ke kusa.

Ƙofar Marusa

Mai garejin, Malam Iro, ya gaishe ni gaisuwar da ta fi ƙarfin baƙo. Ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwan Funtuwa. Duk tsawon gaisuwar idonsa na kan motar, nawa na kan hannunsa.

Na samu benci na zauna, ban motsa ba har suka sauke giyabos, wato akwatin giya. Farantin kuloci ya ƙone, wannan ko makaho ya shaida da hanci. Sai Malam Iro ya nuna mini wani faifan ƙarfe mai kauri a bayan inji, mai haƙora a gefe, wanda farantin ke mannewa a fuskarsa. Shi ne fulawil. Fuskar ta yi tabo shuɗi-shuɗi kamar gindin tukunya.

"Abu ukku ne, Malam," in ji shi. "Ko a maida shi haka nan, sabon faranti ya ƙone kafin Sallah. Ko a kai ma mai inji ya fere mashi fuska. Ko kau a sa wani. Ni dai da tawa ce, wani zan sa. Akwai ƙanena nan baya, yana da 'yan Kwatano masu kyau."

Da na ji "ƙanena" sai na ce a raina, to ga inda aka nufa. A cire wa Yaya na asali, a sa masa gwanjon Kwatano, na asalin kuma gobe ya hau kantar ƙanen. Na ce a kwance shi, fere za a yi, kuma ni zan kai da hannuna. Kafin kowa ya taɓa, na ɗauki ƙusa na zana alamata a gefensa, irin wadda nake yi wa yadin mutane da alli. Malam Iro ya gani, ya yi murmushi.

A Gobarau na kwana, a ɗakin zaure. Hadiza ta aiko da tuwon shinkafa da miyar taushe. Fulawil ɗin yana cikin buhu a ƙarƙashin gadona. Inna ta aiko a tambaye ni me na ɓoye haka, na ce fulawil ne. Ta sa aka maimaita mata sunan har ta riƙe.

Ƙofar Sauri

Washegari aka raɗa suna, aka raba goro da dabino, na saɓi buhuna na hau acaɓa. Ban je wurin mai injin da Malam Iro ya kwatanta mini ba. Na tambayi mai shayi, ya tura ni wurin wani Malam Tukur, mai injin fere ƙarfe a Ƙofar Sauri. Na riga na san abin da zai ce, don wanzami ba ya ganin kan da bai isa aski ba a unguwarsa, haka shi ma.

Ya karɓa, ya zuba fetur a kwano, ya wanke baƙin man da ke jiki, gaba da baya. Ni ina neman alamata, na same ta. Sai ya juya bayan faifan, ya daɗe yana kallo.

"Malam, wa ya buɗe motar nan kwanan baya?"

Na ce ba wanda ya taɓa buɗe ta, komai nata na asali ne.

Ya matso da shi wajen haske. Daga ramin ƙusa ɗaya wata tsaga ta taso siririya kamar zare, ta nufi rami na gaba. An zagaye ta da jan fenti, kuma fentin bai tsufa ba.

"Wani ya gani kafin ni, ya sa mashi alama don ya nuna ma mai ita," in ji Malam Tukur. "Ni ba ni fere wannan. Tabon fuska inji na ɗauke shi, tsagar baya ba ya ɗaukewa. Ranar da zai fashe, yana cikin gudu zai fashe, kuma ƙafafunku na nan saman shi. Kai kaɗai ka taho?"

Na ce da mahaifiyata.

Ya goge hannu. Mutumin da abincinsa fere ne ya ƙi ferewa, to wa zan ƙara zargi? Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa ji ba. Na san jan fentin nan. Makaniken Yaya a Funtuwa da shi yake yi wa kayan mota alama, har rigarsa duk ɗigonsa ne.

Duk da haka ban saki jiki ba. Na koma wurin ƙanen Malam Iro, na zaɓi ɗan Kwatano guda, na biya da kuɗina, na sake hawa acaɓa da shi zuwa Ƙofar Sauri. Malam Tukur ya wanke, ya ƙwanƙwasa, ya saurari ƙararsa, ya ɗan share masa fuska. Shi ma sabon na zana masa alamata, na mayar da shi gareji, na tsaya a kan Malam Iro har ya ɗaure ƙusa ta ƙarshe. Da ya nemi in bar masa tsohon a matsayin ƙarfen banza, na ce a'a, yana da mai shi.

Komawa gida

Da hantsin rana ta uku muka kama hanya. Motar ta tashi lafiya lau, ba karkarwa ba ƙauri. A Kankiya Inna ta ce na yi shiru da yawa, sai na gaya mata abin da na gani. Carbi ta yi ta ja har Bakori.

Bayan azahar muka tsaya a ƙofar gidan Yaya. Lokacin ba waya a hannun kowa, kuma ba mu aika wa kowa saƙo ba. Ya fito da fara'a, ya durƙusa ya gaida Inna, ya tambayi mai jego. Sannan ya shiga motar, ya taka kuloci sau biyu, ya dube ni.

"Wani fulawil ɗin aka sa, ko ferewa aka yi?"

Ina shirin magana Inna ta riga ni. Ta dafa ƙofar motar ta miƙe a kan gwiwoyin nan nata, ta ce, "Sale, wa ya ce maka fulawil ne?"

Na buɗe but ɗin motar na ciro buhun, na ajiye tsohon faifan a bakin zaurensa, jan fentin yana kallon sama.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Hadiza da maigidanta, da Malam Tukur, har da Malam Iro da na zauna a kansa kamar ɓarawo. Yaya ma na yi masa godiyar aron mota, ya amsa yana kallon ƙasa. Ranar Inna ba ta shiga gidansa ba, a ƙafa na raka ta gida.