Fim ɗin da Hadiza ta kai wa babanta

Fim ɗin da na nuna a aji ya ƙare, ɗalibaina suna share hawaye, sai Hadiza ta tsaya a ƙofar aji.

Labarin wani mahaƙin ma'adini ne da ciwon ƙirji ya kwantar. A ƙarshe ya warke sarai, gari ya fito da kiɗa. Mahaifin Hadiza kuwa, ramin uraniyom na nan Arlit ya cinye ƙarfinsa, yanzu tari ya hana shi fita.

Ta ce, "Mushe," haka ake kiran malami a nan, "a tura mini a waya in kai wa Baba."

Na ce, "'Yata, ƙarshen nan ya cika daɗi. Kada ya sa rai a banza."

Ta ce, "Baba ya fi mu sanin ciwonsa. So nake ya ga ana kuka saboda mutum irinsa."

Na tura mata.

Jiya ta ce baban ya yi ta dariyar farar rigar jarumin, wai wane rami ne babu ƙura. Sannan ya ce a sake sa masa.

Har yanzu ina ganin fim ɗin ya raina ciwo. Amma da ku ne, za ku hana ta?