Saura Zagaye Huɗu

A layin bayan tasha, tsakanin shagon tela da na mai yankan gilashi, akwai wani mai gyaran rediyo da talabijin da kowa ke kira Sai-Jibi. Amsarsa ce ta ja masa sunan: ko waya ɗaya ce ta tsinke, cewa zai yi a dawo jibi. Shekara talatin da 'yan kai yana kan benci ɗaya. Da rediyo mai batir ya fara, ya koma bidiyo mai kaset, yau ga shi da dikoda. Yatsunsa duk tabon dalma ne, kunnensa na hagu kuma ya daɗe da daina aiki, shi ya sa yake karkata kai idan ana masa magana.

Ɗabi'a guda ce ke cinye masa lokaci. Duk na'urar da aka kawo, da zarar ya samu ta kunnu, ba ya ƙara taɓa komai sai ya manna mata farin salatif a ƙasa, ya rubuta yadda ya same ta: tashar da aka bar ta a kai, ƙarfin murya, abin da ke ajiye a ciki. Tela yakan leƙo ya ce, "Kai gyara kake yi ko ƙidayar jama'a?" Shi kuma ya ce, "Ka dai ji da wandunan mutane da ka gajarce."

Wata Asabar da hantsi wani malamin jami'a ya shigo masa, rungume da dikoda naɗe a tawul. Wata bakwai ke nan da rasuwar autarsa, ɗalibar ajin ƙarshe, bayan jinyar kwana tara. Ita ce mai son tseren motoci a gidan. Ita ta koya masa dalilin da ya sa ake canza taya ana tsakiyar gudu, da abin da kowace tuta ke nufi. Gwanarta wata mota ce rawaya mai lamba ashirin da bakwai, wadda ba ta taɓa zuwa ta ɗaya ba.

A Lahadinsu ta ƙarshe suna kallon tseren da ta naɗa, rawayar tana ta uku, hadari ya haɗu a filin, sai ya tuna da takardun ɗalibai da bai duba ba.

"Tsayar da shi, Auta, ki jira ni."

"Baba, saura zagaye huɗu fa."

"Ba za su gudu ba."

"Ai gudun suke yi," ta ce, amma ta danna.

Bai dawo falon ba ranar. Talata zazzaɓi ya kwantar da ita. Tun daga nan bai ƙarasa tseren ba. Yakan kunna ne kawai ya dubi layin da ya tsaya inda yatsarta ta bar shi, yana tuna cewa shi ya hana ta ganin ƙarshen. Sai wata rana aka kawo wuta da ƙarfi, dikodar ta mutu.

Bai faɗa wa mai gyaran wannan duka ba. Cewa kawai ya yi, "Akwai abin da 'yata ta tsayar a ciki. Ba na son ya matsa daga inda yake."

Sai-Jibi ya dubi tawul ɗin, ya dubi mutumin. "Allah ya ji ƙanta, Malam. Ka dawo jibi."

Da ya dawo, an jona dikodar da wata tsohuwar talabijin a kan tebur. Tseren yana nan. Amma da malamin ya danna rimot, sai ga motoci jere a layin farawa. Na'urar ta manta inda aka tsaya. Ya ajiye rimot ɗin a hankali, ya fara naɗe tawul ɗinsa.

"Dakata, Malam. Irinsu haka suke, in an taɓa cikinsu sai su yi mantuwa. Ni ne ba na yarda da su."

Ya kifa dikodar. A jikin salatif, da rubutun biro ƙanana, an sa: awa ɗaya, minti talatin da takwas, daƙiƙa sha biyu. A gefen lambobin akwai ɗan zane kamar ƙugiya.

"Wannan fa?"

"Alama ce na gani a gefen sunan tseren, na kwafe ta. Ba ta fitowa sai an kalli abu har ƙarshe."

"Ba a kalla ba. Ta jira ni."

Mai gyaran ya karkato da kunnensa mai ji. "Malam, ni dai abin da na tarar nake rubutawa. An kalla har ƙarshe, sannan aka dawo da shi nan aka ajiye maka."

Malamin ya zauna a bencin. Ya tuna yadda ta riƙa murmushi a wajen cin abinci ranar, tana cewa ita kam ba ta san komai ba. Dariyar da ta kuɓuce masa gajera ce, ya sa tawul ya rufe fuska na ɗan lokaci.

"Mu ƙarasa?" in ji Sai-Jibi.

Suka kai shi daidai daƙiƙar. Tela ya shigo da igiyar awo rataye a wuya. Ruwa ya sauko, motar gaba ta zame a kwana ta yi waje. A zagayen ƙarshe rawayar ta manne wa ta biyun, wadda yanzu take gaba, suka fito kwanar ƙarshe kafaɗa da kafaɗa, har sai da aka maimaita hoton a hankali kafin a ga hancinta ya riga da abin da bai kai taku ɗaya ba.

"To ai ta ci," tela ya ce.

"Auta ta gani," in ji malamin.

Sai-Jibi ya sa farce zai ɓare salatif ɗin, kamar yadda yake yi wa kowace na'ura kafin ya miƙa ta. Malamin ya riƙe masa hannu.

"Bar shi a nan. Na gode."

Yana nan har yau a ƙarƙashin dikodar, gefensa ɗaya ya ɗan ɗago.