Faifan Inna a Kan Gilashi

Aikin da malamina ya ba ni a digiri na biyu, har yau kunyar faɗinsa nake ji: in ɗiga ruwa a kan gilashi in zauna ina jiran ya bushe. Ruwan akwai wasu ƙwayoyin ƙarfe a ciki, ƙanana har ido ba ya ganinsu. In ɗigon ya bushe sai su jera kansu su yi zane. Malam zane mai rassa yake so, ya ce in babu shi babu digiri. Ni kuwa zafin Sakkwato kullum zobe yake ba ni, irin wanda kofin shayi ke bari a tire.

Da aka shiga yajin aiki na kwaso gilasan zuwa gidanmu a Runjin Sambo. Na jera su a ɗaki, na ɗiga musu ruwan, na fita sayen kati. Inna, mahaifiyata, ba ta barin komai a buɗe, ko ruwan wanke hannu ne. Na dawo na tarar ta kife musu faifai.

"Inna, kin kashe ni!"

"Ke, abu buɗe Shaiɗan ka lasa tai. Ko naku na boko ba shi lasa?"

Washegari na ɗaga faifan na duba da madubin ƙara girma, sai ga rassa kamar zanen lalle. Na zauna na yi kuka. Ashe saƙar kabar ce ta hana ruwan bushewa da gaggawa. Na gwada faifan kasuwa, na gwada murfin roba, duk zobe. Sai nata kawai.

Ranar kare aiki aka ce baƙon farfesa zai so ganin na'urar da na yi amfani da ita. Inna ta ce, "Faifaina ba shi fita gidan ga bisa kwano wayam, a ce muna yunwa." Haka na hau keke-napep rungume da tuwon shinkafa da miyar kuka, faifan a kai.

Farfesan tun asuba ya taso daga nesa, bai karya ba.

"Ina na'urar?" in ji shi.

Na miƙa. Ya ɗaga faifan ya ajiye gefe, ya nemi ruwan wanke hannu. Ina bayanin rassa yana loma.

Ya sa hannu a takarda na wuce, ba gyara. Tambaya ɗaya ya yi mini, a bakin ƙofa: daddawar ta gida ce? Har yau abin yana ci mini rai, domin ni na shirya amsoshi.