Kwalaben da Sista ta fitar daga ƙarƙashin gado

Sista muke kiranta, ko da yake ta daɗe da barin aikin jinya. 'Yar garinmu ce daga kudancin Adamawa, kuma ita ta riƙe ni lokacin da na zo Jimeta neman aikin koyarwa. Da ƙuruciyarta ta yi aiki a wani asibitin mishan a Garwa, can Kamaru. A can ta haɗu da mijinta, a can kuma suka koyi shan jan ruwan inabi a kan abinci. Bayan sun dawo gida, duk sanda suka je ziyara sai su taho da kwalba ɗaya, su naɗe ta da tsohon zane, su tura ƙarƙashin gado a ɗakin da ya fi sanyi a gidansu na Yolde Kohi. Maigidan yakan ce irin wannan sai ya kwana biyu yake daɗi, don haka mafi kyawunsu ba za a taɓa ba sai ya yi ritaya. Ya rasu kafin lokacin, Sista kuwa ba ta ƙara waiwayarsu ba.

A shekarar da mutane suka yi ta kwararowa Yola daga arewacin jihar saboda hare-hare, gidan Sista ya cika. Wasu dangin dangi ne, wasu a ƙofar coci ta same su da yara a goye. Da wurin kwana ya ƙare, sai ta sa aka fitar da gadon don a shimfiɗa tabarmi. Kwalabe uku ta tarar.

Ta kira ni a waya. "Ranar Asabar ki same ni gidan abincin nan na kusa da kogi. Ki zo da wuri saboda dokar hana fita, kuma ki zo da yunwa."

Da ta gaya mini kwalaben za mu buɗe, na ce, "Sista, a wannan hali da ake ciki?"

"To wane hali kike so in jira? Na taɓa jira, na ga yadda aka ƙare. A gida kuwa ba zan buɗe ba, gaban mutanen da suka baro komai nasu."

Mu huɗu ne a teburin. Akwai Hedimasta, tsohon abokin mijinta, mai son dogon bayani. Akwai Hajiya, Bafulatana daga unguwar Makama, wadda suka yi shekaru suna aiki tare a ɗakin haihuwa. Tun kafin ta zauna ta ce, "Adda, kin san ba na taɓa abinkun nan. Amma giwan ruwa ba zai wuce ni ba." Sista ta riga ta sa an ajiye mata zoɓo mai sanyi a kujerar gefe.

Mai gidan abincin ya kai kwalaben kicin, ya rufe kowace da tsohuwar jarida yadda ba a ganin rubutu, ya riƙa kawowa ɗaya bayan ɗaya. Sista ta ce kada kowa ya wahalar da kansa da sunan ƙasa. Kowa ya faɗi abin da ya ji a bakinsa, a ƙarshe a canki wadda ta fi tsufa.

Da aka zuba ta farko na ɗaga kofin zan kwankwaɗe, sai ta riƙe mini hannu.

"Ba kunu ba ne, 'yata. Juya shi a hankali. Sa hanci tukuna."

Na sa hanci. Abin mamaki, ƙamshin ɗinya na ji, irin wadda muke tsinta a bayan gari muna yara, da wani ɗan ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. Na faɗa ina jin kunya. Ta ce, "Yawwa, shi ke nan, kin iya." Hedimasta ya ce shi kabad ɗin littattafan waƙa na tsohon cocinmu ya tuna masa. Hajiya ta yi dariya har ta ajiye cokali. "Wato abin da kuke ta yabo, ƙamshin kabad ne?"

Ta biyu ta zo tare da gasasshen kifi. Launinta ya koma kamar na jan bulo, kuma ta fi laushi a harshe, tana daɗewa a baki bayan an haɗiye. Sista tana nuna mini yadda barkonon kifin ke canza ɗanɗanonta ke nan, sai muka ji ƙara mai ƙarfi daga titi. Ban san sanda na shige ƙarƙashin tebur ba, na tarar da Hedimasta ya riga ni. Da na leƙo, Sista tana bakin ƙofa, ta riga ta naɗe hannun rigarta, tana duban ko akwai wanda ya ji rauni. Hajiya na bayanta.

Jim kaɗan suka dawo. "Tayar tirela ce," in ji Sista. "Ku fito, kifi na hucewa." Ta ɗauki kofinta ta ci gaba daga inda ta tsaya. Can sai aka kawo ta uku.

Ita wannan tun daga hanci na san da matsala. Tsami ne zalla. Hedimasta ya kurɓa, ya nemi ruwa. Sista ta daɗe da kofin a hancinta.

"Wannan ce ta farkon da muka saya," ta ce. "Shekarar aurenmu. Ita ya fi ɗora wa rai."

Hajiya ta ɗora hannu a kafaɗarta ta ce mata wani abu da Fulatanci, a hankali. Sai Sista ta goge ido da bakin gyale, ta kurɓa sau ɗaya, ta yamutsa fuska, ta fashe da dariya.

"Zafin Yola ya gama da ita. Da yana nan da ya ce ai haka ake son ta." Ta miƙa wa mai gidan abincin kwalbar ta ce a jiƙa nama da ita gobe, kada a zubar.

Da aka cire jaridu, maganarta ce daidai. Tsakanin sauran biyun kuwa ni da Hedimasta duk mun kuskure, wadda muka ɗauka tsohuwa ita ce ƙarama. Sista ta ce ko ita ba ta gane ba, kuma bai rage komai daga daɗin ba.

Rana ba ta gama faɗuwa ba muka tashi. Ta sa an ƙulla mata shinkafa da kifi a leda na yaran gida, ta ce wa Hajiya akwai wata mai ciki cikin baƙinta da ba ta yarda da kwanciyar jaririn ba, ko za ta zo su duba tare. Hajiya ta kira gida ta ce kada a jira ta, suka shiga keke ɗaya.

Washegari da hantsi matar ta haifi mace. Iyayen ba su koma garinsu ba, suna zaune a unguwar Ajiya, yarinyar kuma ta yi karatu a ajina. Sista yanzu sanda take dogarawa, ba ta fita sosai. Ranar Lahadi bayan coci nakan leƙa ta, in same ta a inuwar mangwaro tana gyara wake, maƙwabta mata na shigowa da jariransu ta duba.