Gonar Hajo ta Bakin Fadama

A ƙauyenmu, can bayan Lolo, inda in ka yi tafiya kaɗan za ka tsinci kanka a ƙasar Binin, lokacin girbin shinkafa ne lokacin hira. Da an sallame isha'i sai mu tara kara mu hura wuta a tsakar gida, mu tura dankali cikin toka, mu kewaye kakarmu Inna Dije. Labarai gare ta birjik, amma kullum rigimarmu ɗaya ce: mu dai a ba mu na Hajo.

"Ku ba ku gajiya da wanga labari?" Sai ta gyara zama. "To ku buɗe kunne, ga shi nan tahe."

Hajo mahaifiyarta ce. Yaƙi ya cinye garinsu da mijinta, ta biyo kwalekwale da 'ya'ya uku cikin ayarin masu gudun hijira, ta sauka ƙauyenmu, ba ta jin ko kalmar Hausa, sai Dendi. Da ƙura ta lafa, wasu Turawa masu ba da agaji suka iso da irin shuka da fartanyoyi, suka roƙi mai gari ya ba baƙin ƙasar noma. Mai gari ya nuna wata fadama da ciyawa ta rufe, ya ce kowane gida ya sare abin da zai iya daga hantsi zuwa la'asar, abin da ya sare ya zama nasa har jikoki.

A nan muke fara tsalle, domin mun san abin da ke tafe. Masu samari suka faɗa ciyawa da adduna. Hajo kuwa ita kaɗai, da goyo a baya, ga Inna Dije tana 'yar ƙarama tana jan ciyawa da hannu. Har azahar ba su share wurin shimfiɗa tabarma biyu ba.

"Sai wata mata, Ige sunanta, ta taho kai wa mijinta hura," in ji Inna. "Ta tsaya ta dube mu. Sai ta aje ƙwarya ta koma cikin gari. Can sai munka ji guɗa. Mata ne, ɗiyana, kowace da lauje, wata ko gari ba ta kakkaɓe daga hannu ba."

Mazan garin suka ce ba haka aka yi magana ba. Mai gari ya ce shi bai ambaci yawan hannu ba, gida ya ce. Da la'asar ɗaya daga cikin Turawan ya zo awo, igiyarsa ta ƙare gonar Hajo ba ta ƙare ba. Mukan yi ta dariya har dankalinmu ya ƙone.

Ina yaro, cin gasar ne ke burge ni. Sai bara, da mutanen da 'yan bindiga suka kora suka sauka a makarantar garinmu, aka kira taro kan ba su gonaki, na ji kaina ina lissafin abin da zan rasa. Shinkafar da ta yi mini jiki ta fito ne daga ƙasar da aka ba baƙuwa. Kafin a tashi taron na miƙe, na ce a fara yanka daga tawa.