Azumin Kaka Bayan Faɗuwa

Saura kwana goma sha biyu a fara azumi Kaka ya faɗo daga kan babur ɗin haya, a hanyar dawowa daga kasuwar Ajingi. Akuya ce ta gitta musu. Kansa ya bugu da ƙasa, ya kwana huɗu a asibiti a Gaya bai san wanda ke kansa ba. Da aka dawo da shi gida Toranke yana gane mutane, sai dai magana na tsinke masa a tsakiya, hannunsa na dama kuma yana rawa.

Ina aji biyar na sakandare a lokacin. Ko baƙo ne ya yi sallama, ɗaki nake shigewa da littafina. Da Kaka kaɗai bakina ke buɗewa, don shi amarya yake ce mini, ni kuma in ce ba na auren mai furfura.

Baffa, yayan mahaifina, ya zo daga jami'ar da yake aiki. Bincikensa a kan ƙwaƙwalwa ne, yadda take sarrafa abinci bayan ta ji rauni, kuma ya yi shekaru yana gwaji da ɓeraye. Amma shi ne ɗan fari, a gidanmu kuwa ba a wasa da wannan kunyar. Kaka bai taɓa kiran sunansa ba, "wancan" yake cewa. In Baffa ya shigo gaisuwa, a bakin ƙofa yake tsugunawa, Kaka ya amsa yana kallon bango.

Aka ga wata, Kaka ya ɗauki azumi. Da la'asar jiri ya kwashe shi a wajen alwala. Mahaifina ya roƙe shi ya ajiye, Kaka ya ce a fita masa daga ɗaki.

Washegari da hantsi Baffa ya kira ni zaure, ya zana ƙwaƙwalwa a bayan littafina. Ya ce ita ba ta da rumbu, abin da jini ya kawo mata shi take ci nan take. Wadda ta ji rauni kuwa, buƙatarta ta ƙaru, ƙarfinta ya ragu. In sukari ya yi ƙasa, ruwa ya yi ƙaranci, ga magani ba a sha a kan lokaci ba, farfaɗiya na iya zuwa, abin da ya fara warkewa ya lalace.

"Ba zai ji daga bakina ba," in ji Baffa. "Ke ce amarya."

Na sa ya maimaita mini sau biyu, na rubuta, sannan na ɗauki kwanon kunun gyaɗa na shiga.

"Amarya, da rana tsaka? Ke ba kya azumi ne?"

"Ina yi. Kai ne ba za ka yi ba."

"In ji wa?"

"In ji likitan asibiti, in ji Baffa."

"Mai kiwon ɓera! Na ba shi shanu ya ƙi, ya tafi birni yana kiwon ɓera."

Na fara karanta masa abin da na rubuta, na ga ya lumshe ido. Na rufe littafin.

"Kaka, saniyar da ta karye, kana kora ta kiwo da sauran?"

"Wane mahaukaci? A gida ake ɗaure ta, a kawo mata dusa da harawa."

"To, kai ma a gida aka ɗaure ka."

Ya yi dariya har da tari.

"Tun da na balaga ban sha azumi ko ɗaya ba," ya ce a hankali.

"Mara lafiya ramawa yake yi, kai ka koya mini. Ni dai ba na son takaba tun ban tare ba."

Ya daɗe yana kallon kwanon.

"Wancan ɗin... da idonsa ya gani, ko a takarda ya karanta?"

"Da idonsa. Wasu ne ke karanta takardarsa."

Ya miƙo hannu, hannun na rawa, na riƙe masa kwanon. Ya yi bisimilla ya sha kusan rabi, na ba shi ƙwayar maganinsa ya kora. Da ya goge baki sai ya juya ga bango, ya ɗaga murya.

"Duk wanda ke tsaye a waje, ya ji. Na sha."

Ban san Baffa na bayan ƙofa ba sai da na ji ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi."

"Amin," in ji Kaka. "Amarya, gobe a sa tsamiya sosai."